Laba Saba'in da Shida Tsakanin Inugu da Kano

Kwanakin baya na fake a wani shagon sayar da tikitin jirgin sama kusa da Kasuwar Oil Mill a Fatakwal, ina jiran ruwa ya ɗauke in hau okada. Wani mahauci ya shigo ya tambayi matasan da ke wurin nisan Inugu zuwa Kano, da awa nawa jirgi ke yi. Ɗayansu ya latsa waya ya karanta masa, ko kai bai ɗaga ba. Da mutumin ya fita sai ya juyo gare ni, don sun san na taɓa yin aikin filin jirgi, ya ce, "Baba, wai da gaske a kan wannan ake ba ku albashi a da?" Suka kwashe da dariya. Ban ba su amsa a ranar ba, saboda amsar ta fi ruwan tsawo. Ga ta a rubuce.

Abin da wayar ta faɗa daidai ne. Daga filin jirgin Inugu zuwa na Kano, in ka ja zare a kan taswira, mil ɗari huɗu ne ba kaɗan. Jirgin da muka yi aiki da shi, mai farfela biyu, yakan yi awa biyu da rabi in iska ba ta tare shi ba. Sai dai wannan farkon lissafi ne kawai. Nisa shi ke faɗin yawan man da za a zuba, kowane galan kuwa ya ɗara laba bakwai. Jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi. Saboda haka duk galan ɗin da ka ƙara, ka sauke laba bakwai na mutum ko na kaya. Jirgin da zai ɗauki mutum talatin da biyar zuwa Jos ba zai ɗauke su zuwa Kano ba. Wanda ke zama da fensir ya raba nauyin nan tsakanin mai da mutane da kaya, shi ake kira akawun lodi. Aikina ke nan.

A Fatakwal na koya, a ƙarƙashin Oga Nweke, wani ɗan ƙabilar Ibo gajere mai tabarau, wanda ba ya ɗaga murya ko da jirgi na kunne. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa da Turanci da ɗan Ibanci, alhazai kuwa sun fara yawa, babu mai yi musu tafinta. Ranar farko bai bar ni na taɓa takarda ba. Buhun wasiƙu guda ya ba ni, ya ce in auna. Na auna na faɗa masa. Ya ce in sauke in sake. Sau biyar na ɗora buhun nan a kan sikeli, a na biyar ne na lura cewa allurar ba ta komawa kan sifiri in an sauke kaya, tana tsayawa a laba biyu. Ya ce, "To, yanzu ka san sikelinka. Gobe ka san fensirinka."

Kayan aikin ba su da yawa: sikeli mai faffadan faranti wanda mutum ke hawa da ƙafa, fensir biyu, takardar lodi mai kwafi uku, agogo, da wani zare da Oga Nweke ya ƙuƙƙulla, kowane ƙulli mil hamsin a kan taswirar da ke bango. Fatakwal zuwa Inugu ƙulli biyu da ɗan abu. Inugu zuwa Kano ƙulli takwas ba kaɗan. Yana kuma da doka guda wadda ba ta cikin littafin kamfani. In ka gama lissafi, ka ajiye takarda, ka je gindin matakala ka ƙirga kawuna da idonka. Yakan ce takarda ba ta hawa jirgi, mutane ke hawa.

Fasinjan da na fi tunawa a shekarun lafiya shi ne Alhaji Sule Dillali, mai fataucin shanu a Anaca. Anaca ba ta da filin jirgi, sai su zo Inugu ko Fatakwal a mota. Ranar da ya fara zuwa, na ce ya hau sikeli.

"Ni sa ne?" in ji shi.

"A'a, Alhaji, dokar jirgi ce."

"To in ka auna ni, wa zai saya?"

Da ya hau ya sauka sai ya tambaye ni kwana nawa za su yi kafin Kano. Na ce daga Inugu awa biyu da rabi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, na koro shanu a ƙafa daga Wudil har bakin Kwara. Na san kowane zango da rijiyarsa. Kai za ka gaya mini Kano ta matso?" Tun daga ranar na daina faɗa wa mutanenmu awa. Sai in ce, za ku tashi bayan azahar, ku yi la'asar a Kano. Wannan sun fi ɗaukarsa, ko da yake ba su fasa zuwa da guzurin kwana uku ba. Alhaji Sule kuwa daga baya ya mai da sikelin nan abin wasa. Da idon dillali yakan dubi fasinja ya faɗi nauyinsa kafin ya hau, kuma da wuya ya kuskure da laba uku.

Shekarar da aka yi juyin mulki sau biyu, an mai da mu Inugu ni da Oga Nweke, har da sikelinmu. Na kama ɗaki a unguwar Obiagu, ina cin abinci a rumfunan mutanenmu na kasuwar Ogbete. Wajen ƙarshen damina jirage suka fara sauka daga Arewa cike da mutanen Gabas da suka tsero, wasu da raunuka, wasu ba ko takalmi. Na auna wasunsu lokacin tafiyarsu Arewa ba sau ɗaya ba, yanzu na ga abin da na gani. Cikin 'yan kwanaki rumfunan Ogbete suka rufe. Aka tattara Hausawan Inugu da na Anaca a harabar wani barikin 'yan sanda, aka ce don tsaron lafiyarsu. Wasu na cewa jirgin ƙasa zai kwashe su, wasu na cewa hanyar jirgin ƙasa ba ta biyuwa. Sannan aka ce jiragen saman da ke kawo mutane za su riƙa komawa da namu. Wa ya ba da umarnin, ban sani ba har yau. Oga Nweke ma bai sani ba.

Wata Litinin da rana ya aike ni barikin in rubuto sunayen waɗanda za su shiga jirgin washegari, mata da yara da tsofaffi daga cikin 'yan Anaca. Ni kaɗai ne Bahaushe a ofishin. Takardar tana da gurabe uku: suna, shekaru, 'ya'ya nawa. Alhaji Sule yana cikinsu, shi ya riƙa kira mini su ɗaya bayan ɗaya. Cikin matan akwai Binta, matar wani mahauci da ake kira Garba. Garba ya tafi Fatakwal da kaya mako biyu kafin nan, babu wanda ya ji labarinsa. Tana zaune a kan wani babban ƙunshi da aka ɗaure da zane, da goyo a baya, da yara maza biyu a gefenta.

"'Ya'yanki nawa?"

"Uku."

Na duba na ga uku, na rubuta uku. Can baya, kusa da wata tsohuwa mai suna Iya Dije, akwai wata yarinya doguwa siririya, za ta yi shekara goma sha uku, sanye da rigar makarantar mishan. Da na zo kan Iya Dije ta ce ita kaɗai ce. Na rubuta ɗaya. Yarinyar na ɗauka ta wani gida ce da zan tarar a gaba. Na gama, na haɗa, na samu mutum talatin da ɗaya. Ban ƙirga kawuna ba, don harabar cike take da ɗaruruwan mutane, ba a san wane na wane jirgi ne ba.

Washegari tun da safe aka kawo su filin jirgi a babbar mota. Daga nan har hantsi ban samu mutum biyu da suka faɗi abu ɗaya ba. Oga Nweke ya ce Kano za a je. Mutumin hasumiya ya leƙo ta taga ya ce Kaduna. Direban tankar mai ya ce shi Jos aka gaya masa. Wani soja ya ce babu jirgin da zai tashi yau, kowa ya koma. Na zauna na yi takarda uku, ta Kano, ta Kaduna, ta Jos, kowace da nata man da nata kayan. A ta Jos kowa zai tafi da duk abin da ya zo da shi. A ta Kano, laba ashirin ga kowane mutum, ba ƙari. Na jera su a kan tebur na danne da agogo.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya jirgin ya sauka. Waɗanda ya kawo suka fito, suka wuce ta gaban namu da ke zaune a inuwar rumfa. Matuƙin wani Bature ne mai jan gemu, ya ce shi ma bai san inda za shi ba, an dai ce ya jira saƙo. Ya jira rabin awa, saƙo bai zo ba. Sai ya ce a zuba masa man Kano, da ƙarin wanda zai iya juyowa da shi in an hana shi sauka. Ya ce kuma wannan ne zuwansa na ƙarshe, kamfaninsa ya ce ya isa. Na yayyage takarda biyu na riƙe ta Kano.

Rage kaya shi ne ya fi komai wahala a aikin nan, ko a lokacin lafiya. Na tsaya na yi shela cewa laba ashirin ne ga kowa. Aka fara kwance ƙunshi. Dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo, tukunya, har da murhu.

"Ku ajiye guzuri," na ce. "Za ku yi la'asar a Kano."

"In ba a kai Kano ba fa?" in ji Iya Dije. "Ɗazu na ji an ce Jos."

"Jos ta fi kusa, Iya."

"To in an sauke mu a daji fa? Kai za ka zo ka dafa mana?"

Alhaji Sule ya ce, "Iya, ajiye. Yaron nan maƙaryaci ne a komai, ban da wannan. Na gwada shi sau huɗu."

Suka ajiye. Ita Binta, su huɗu, rabonsu laba tamanin. Na ɗora babban ƙunshin nan a kan sikeli, ya yi ƙara irin ta ƙarfe, na cire laba biyun allura, ya tashi tamanin cif. Na ɗaga gefen zanen na gani: kwalla, fanteka, langa, tasoshi, sababbi ful, an saka ƙanana cikin manya. Na ce mata in ta ɗauki wannan, ba akwatin tufafi, ba abinci, ba ko bargon yara. Ta ce ta ji. Wata mata ta ce, "Haba Binta, kwano za ki sa wa yara in sanyi ya zo?" Binta ta ture akwatin gefe da ƙafa. Na rubuta tamanin. Na riƙa kiran suna, kowa ya hau sikeli ya sauka, har talatin da ɗaya. Da na haɗa jimla, abin da ya rage kafin iyakar jirgin laba huɗu ne. Oga Nweke ya duba, ya sa hannu.

Sannan na ajiye takarda na je gindin matakala, kamar yadda aka koya mini. Na ƙirga layin, na samu talatin da biyu. Na sake, na samu talatin, don yara biyu sun zagaya bayan amalanken kaya. Na sake, talatin da uku, ashe na haɗa da mai shara. Oga Nweke ya zo ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada a motsa. Muka ƙirga tare, shi daga gaba ni daga baya. Talatin da biyu.

Sajen 'yan sandan da ke kula da ƙofa ya karɓi takardata ya ce in kira suna, duk wanda aka kira ya koma dama. Na kira. Aka bar mutum ɗaya a hagu, yarinyar nan mai rigar makaranta, riƙe da buta.

Na tambaye ta da Hausa, "Ke ta wane gida ce?" Ta sunkuyar da kai. Na ce wa Oga Nweke ko ta wane gida ce, babu wurinta, laba huɗu suka rage. Da Turanci na faɗa, amma ina jin kowa ya gane daga yadda na nuna takardar. Sai na ga Binta ta fita daga layi, da goyonta, ta nufi amalanke. Ƙunshinta ne na ƙarshe, ba a riga an loda shi ba. Ta ja shi ya faɗo ƙasa, ta ja shi a kan kwalta har gaban sikeli, ta sake shi, ta koma layi. Ba ta dubi yarinyar ba, ba ta dubi kowa ba.

A nan na gane abin da na yi. 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ka tambaye ta 'ya'yanta nawa, da yawa sukan tsallake shi su faɗi na baya. Uwata ma haka take yi da yayana, har ta rasu ban ji sunansa a bakinta ba. Na san wannan tun ina yawo ba wando. Amma na je barikin da takardar Turawa a hannu, na yi tambayar da ke kan takardar, na rubuta amsar da aka ba ni. Kwanonin nan kuwa kayan jeren yarinyar ne, da ake tarawa ɗaya-ɗaya daga kasuwar Anaca.

Alhaji Sule ya kalli yarinyar daga sama zuwa ƙasa ya ce, "Ba ta kai tamanin ba. Saba'in da biyar, ko da shida." Ta hau sikeli. Na cire laba biyun allura, na samu saba'in da shida. Na soke tamanin, na rubuta saba'in da shida. Lissafi ya zauna, har da rarar laba takwas. Bature ya kunna injin dama.

Saje ya ɗaga hannu ya ce babu inda za ta.

Ya tambaye ta sunanta da Ibanci. Ta amsa da Ibancin Anaca wanda ya fi nasa kyau, ta ce Ada. Haka duk layinsu ke kiranta, domin a wurin Ibo 'yar fari Ada ce, suna ne na alfahari, har uwa akan kira ta da shi. Ya tambaye ta wace ce matar da ta jawo ƙunshi. Ta ce Yaya. Haka 'ya'yan fari da yawa ke kiran iyayensu mata. Saje ya ce in fassara, na fassara.

"To," in ji shi, "yarinya ta ce sunanta Ada. Tana jin yarenmu. Rigar makarantarmu ce a jikinta. Matar nan ta ce 'ya'yanta uku, ga shi da rubutunka. Yarinya ta ce yayarta ce. Kai kuma kana ce mini uwarta ce. Wanne zan ɗauka?"

Na yi masa bayanin al'adar. Ban yi shi da kyau ba, don ban taɓa yi wa kowa bayaninta ba, kuma injin yana ƙara. Ya juya ga Oga Nweke ya ce, "Ka taɓa jin macen da ta manta da Adarta?" Oga Nweke ya ce bai taɓa ji ba, amma akawunsa ba ya ƙarya. Saje ya ce shi 'ya'yan ƙanwarsa biyu suna can Arewa, kwana tara yana duba kowane jirgi bai gan su ba, ba kuma zai tsaya yana kallo a ɗauki ɗiyar wani a haye da ita ba. Ba da tsawa ya faɗa ba. Ya ce in uwarta ce, ta faɗa da bakinta, ta kira sunanta, yarinyar ta amsa. In ba haka ba, yarinya ta zauna a hannun hukuma har a bincika.

Na je na gaya wa Binta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Kai ka faɗa masa mana," in ji ta.

"Na faɗa. Ya ce sai ke."

"Alhaji ya faɗa masa. Shi ya raba goro ranar suna."

Alhaji Sule ya ce, "Binta, ni na sani, Allah ya sani, wannan mai hular ne bai sani ba. Yau ba ranar kunya ba ce."

Iya Dije ta ce, "Ke, buɗe baki! Mu da muka yi kunyar kafin a haife ki mun yafe miki. Za mu toshe kunne."

Wata daga baya ta ce, "A ce masa ƙanwarta ce mana, a wuce wurin." Wata ta ce a'a, an riga an ce 'ya. Wani tsoho da bai ji farkon maganar ba ya riƙa tambaya ko an fasa Kano ne. Bature ya leƙo ta tagarsa ya nuna mini agogo, ya ɗaga yatsu biyar. Oga Nweke ya ce a fara shiga. Mutane suka fara hawa, layi yana raguwa, har ya zama saura Binta da yaranta a dama, yarinyar a hagu, ƙunshi a tsakani. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Butar dai take juyawa a hannu.

Na duba agogona, minti biyu suka rage. Binta ta tura yaran maza biyu kan matakala. Ta taka zuwa gaban Saje, ta tsaya, idonta a kan takalminsa. Da Hausa ta yi magana, ba ta jira tafinta ba.

"Ni na haife ta. A Anaca, ranar Laraba, ana ruwa. Ita ce ta fari."

Saje ya dube ni, na fassara. Ya ce, "Sunan."

Ta juya. Ina jin wannan ne karo na farko da ta dubi yarinyar a gaban mutane. Ta ce, "Hauwa'u." A hankali ta faɗa, injin ya cinye shi. Ta sake, da ƙarfi wannan karon, har mai shara ya waiwayo. "Hauwa'u! Zo mu tafi."

Yarinyar ta tsaya kamar ba ta san mai sunan ba. Sannan ta ce, "Na'am," ta saki butar ta taho. Saje bai nemi fassara ba. Ya miƙo mini takardata, ya ce in rubuta da kyau. Na rubuta a ƙasan sunan jaririn, da fensir: Hauwa'u Garba, saba'in da shida. Na gyara uku ya koma huɗu. Jirgin ya tashi ƙarfe biyu saura kwata.

Da yamma mutumin hasumiya ya sauko da wata 'yar takarda. Saƙon da Bature ya jira ne. Ya iso tun kafin a zuba mai, wani ya ajiye shi a ƙarƙashin kofin shayi. Saƙon ya ce a kai jirgin Kaduna. Kaduna ta fi Kano kusa da ƙulli biyu a zaren Oga Nweke. Na zauna na yi lissafin, ko da yake ba shi da sauran amfani. Da saƙon ya iso hannunmu, da man da za a rage ya ɗauki ƙunshin Binta, da akwatinta, da guzurin Iya Dije, da murhun ma. Oga Nweke ya sa na rubuta suna a jikin ƙunshin, muka kai shi sito. Bayan kwana huɗu shi da kansa ya saka ni cikin wani jirgin kaya mai zuwa Ikko, ya rubuta ni a takarda tsakanin buhunan wasiƙu, laba ɗari da talatin da takwas.

Inda jirgin su Binta ya sauka, na ji magana uku. Wani ya ce Kano, kamar yadda takardata ta nuna. Wani ya ce an kira shi ta rediyo a sama ya juya Kaduna. Alhaji Sule, da na gamu da shi a Zariya ana tsakiyar yaƙin basasa, ya rantse Jos ce, don ya ga duwatsu, amma ya ce motoci suka kwashe su nan take, bai san inda aka kai matan ba. Abin da ya tabbatar mini guda ne: sun yi la'asar a ƙasa.

Bayan yaƙi na koma Inugu. Siton babu rufi. Na sami Oga Nweke a Obiagu, ya rame har tabaransa ya yi masa yawa. Ya ce da aka fara jefa bom a filin ya kwashe ƙunshin ya kai ƙauyensu. Ya riƙe shi shekara guda bai kwance ba. Daga baya yunwa ta zo, suka riƙa ba da kwanonin ɗaya-ɗaya ana ba su gishiri da rogo. Ya lissafa mini su duka, da abin da aka karɓa a kan kowanne, kamar yana karanta takardar lodi. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar langa mai furanni ja, da murfinta. Ya ce, "Wannan ta rage. Ka kai wa Ada."

Na nema a Fagge, na nema a Tudun Wadan Kaduna, na tambayi mahautan Jos. Garba mahauci da Binta da Hauwa'u suna da yawa a Arewa. Langar tana nan a kan teburina, ina zuba fensir a ciki.

Na yi shekara ashirin da shida ina aikin lodi bayan wannan, har na'ura ta karɓe shi. Ban sake rubuta adadin 'ya'yan kowa daga bakinsa ba. Ku ma da kuke shagon nan, wayarku za ta ba ku mil da minti, ba za ta yi kuskure ba. Amma in mace ta zo sayen tikiti ta ce muku 'ya'yanta uku, ku ɗaga kai daga kan wayar, ku duba ko akwai wata tsaye can bakin ƙofa, riƙe da buta.